Wa Ke Biyan Cikon? Iyakar Kuɗin Ruwa da Bashin Jinya a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Wanda ake bi bashi a Funtuwa ko Malumfashi, in har magana ta kai gaban alƙali, ɗayan lissafi biyu zai tarar. In kotun shari'ar Musulunci ce, irin waɗanda jihar Katsina ta tsayar tun shekarar 2000, abin da ya karɓa shi zai mayar, ba za a ɗora masa ko kwabo ba, ko da bashin ya shekara goma a wuyansa. In kuwa babbar kotu ce, adadin da ya zama jiki a bakin alƙalai da lauyoyi shi ne kashi 10 cikin 100 a shekara, daga ranar da aka yanke hukunci zuwa ranar da aka biya. Ƙa'idojin bai-ɗaya da jihohi da dama suka ɗauka a ƙarshen shekarun 1980 cewa suka yi kada a wuce kashi 10, kuma haka Babbar Kotun Tarayya take aiki. Ke nan ƙayyade kuɗin ruwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun daɗe da shi, namu ma ya fi na kowa tsauri, tunda ɗaya daga cikin iyakokin biyu sifiri ne.

Abin da ya sa maganar ta cancanci a sake dubanta shi ne yadda jihohin Amurka suka yi ca a kanta a 'yan shekarun nan. A watan Nuwamba na 2022 masu zaɓe a jihar Arizona suka amince, da rinjayen sama da kashi 70, cewa ruwan bashin asibiti kada ya haura kashi 3 cikin 100 a shekara. Colorado ta bi sahu a 2023 da wannan adadin. Jihar New York kuwa, a watan Afrilu na 2022, ta sauko da ruwan da ake ɗorawa kan hukuncin kotu na bashin ɗaiɗaikun mutane daga kashi 9 zuwa kashi 2. Duk mai tausayi in ya ji wannan zai ce madalla, ina ma a kawo mana. Ba zan yi mamaki ba in wata rana wani ɗan majalisa ya miƙe a zauren Katsina da ƙuduri irinsa ya sha tafi. Ni tambayata ta 'yan kasuwa ce: nawa ne kuɗin wannan doka, kuma daga aljihun wa zai fito?

A Amurka, tun 1986 akwai dokar tarayya da ta tilasta wa asibitoci su duba wanda aka kawo cikin gaggawa kafin a tambaye shi kuɗi. Magani ne farko, takardar biya ta biyo baya, wani lokaci bayan makonni. Saboda haka asibitin shi ne mai bin bashi, bashin kuma a rubuce yake da suna da adireshi, ana iya sayar da shi ga kamfanin karɓar bashi, ana iya kai shi kotu. Doka tana da abin kamawa. A wurinmu tsarin a juye yake. Asibitin gwamnati ne ko na kuɗi, a Funtuwa ne ko Malumfashi ko an wuce da mara lafiya asibitin Shika, abin da mai jinya ya sani ɗaya ne: ya yanki kati, a miƙo masa takarda. A takardar akwai safar hannu, ruwan leda, allurai, zaren ɗinki, da ledar jini in ba a samu ɗan'uwan da nasa ya dace ba. "Baba, sai an kawo waɗannan kafin a shiga da ita." Ma'aikaciyar da ta faɗi haka ba mugunta take yi ba, ba ta da su ne a ajiye. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa cikin kowace naira 100 da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya, sama da 70 daga aljihun mara lafiya da danginsa take fitowa kai tsaye. Ranar sallama, sau da yawa asibiti ba ya bin kowa komai, an biya shi. Bashin yana can ƙauye, a hannun mai sayen hatsi, da maƙwabcin da ya karɓi gona, da uwar adashi, da surukin da ba za a ƙara iya haɗa ido da shi ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da doka za ta kira bashin asibiti.

Lokacin da ciwo ya fi kwantar da mutane a wannan yanki shi ne lokacin da hannu ya fi bushewa. A Agusta da Satumba, tsakiyar marka, zazzaɓin cizon sauro ke kwasar yara, wasu har sai an yi musu ƙarin jini. A daidai lokacin rumbu ya yi ƙasa, ɗan abin da ake da shi an binne shi a gona, a taki da maganin feshi da kuɗin 'yan ƙwadago. Masara ta yi goyo amma ba ta nuna ba. Manomin Ƙafur ko Ɗanja ko Bakori da aka ce ya kawo kuɗi kafin la'asar ba banki zai nufa ba. Wurin mai sayen hatsi zai je: "Alhaji, a taimaka, yarinya ce kwance, in kaka ta yi zan kawo buhu biyu." Wannan shi ne falle, kuma ya girmi kowane banki a ƙasar nan. A ce an ba shi naira 30,000 kan kowane buhu, kaka ta yi bayan wata uku, buhun yana 45,000 a kasuwar Ɗandume. Ya biya ƙarin kashi 50 cikin 100 a wata uku. In aka miƙe lissafin zuwa shekara, kashi 200 ke nan. Amma ko a baki ko a takarda ba wanda ya ambaci kuɗin ruwa. Ciniki aka yi.

Ba kuma cinikin ɓoye ba ne. Malaman fiƙihu sun san shi da sunan salam, sun halatta shi da sharuɗɗa: a biya kuɗin tun farko, a fayyace irin hatsin da ma'auninsa da lokacin kawowa. Abin da ba a ƙayyade ba shi ne farashi, farashin kuwa gwargwadon matsuwar mai sayarwa yake sauka. Kada kuma a ɗauka kullum mai sayen ne ke ci. Waɗanda suka cika sito da tsadar 2024 sun ji a jikinsu da farashin hatsi ya rushe a 2025, bayan gwamnatin tarayya ta buɗe ƙofar shigo da masara da shinkafa da alkama da wake ba haraji na kwana 150. Wanda ya tafka asara bana, baɗi sai ya ƙara rage abin da zai ba manomi tun a marka. Wace doka ce za ta tsaya a zauren Alhaji ta ce buhun da ba a girbe ba kada ya gaza kaza?

Jinginar gona ta fi falle nauyi, don ita ba ta ƙarewa da kaka. Haihuwar da ta zo da tangarɗa har sai da tiyata, ko karayar da sai an sa ƙarfe, ko wankin ƙoda da ba shi da ranar gamawa, sun fi ƙarfin buhu biyu. Sai a miƙa gona ga mai kuɗi, ya riƙa nomawa yana kwashe amfanin har ranar da aka dawo masa da kuɗinsa cif. Malamai da yawa suna faɗa a kan mumbari cewa cin wannan amfanin riba ce tsantsa, tunda rance ne ya jawo wa mai bayarwa amfani. Ana ji, ana kuma yi. Gonar da ke ba da buhu 20 a shekara, in ta yi damina huɗu a hannun wani, buhu 80 ne suka fita daga bakin iyalin mai ita, uwar kuɗin kuma tana nan daram. Faɗuwar darajar naira ta ƙara wa abin wani juyi. Mai kuɗin da ya iya lissafi ya san abin da za a mayar masa bayan shekara huɗu ba zai sayi abin da yake saya yau ba. Me zai hana ya ce shi ba ya son jingina, in sayarwa ce a yi magana? Mai mata a ɗakin haihuwa ba shi da lokacin jiran tayin wani. A irin wannan ƙasa, dokar da ta tsaya kan adadin da ke rubuce a takardar asibiti toshe bakin rumbu ce alhali gara ta ƙasa take ci.

Mu koma kan wanda iyakar ta shafa da gaske. Masanin nan Paul Clough, wanda ya zauna a wani ƙauye kusa da Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970, ya kuma riƙa komawa har cikin shekarun 1990, ya nuna a littafinsa na 2014 yadda arzikin karkarar nan ya ginu kan amana: manyan manoma da fatake suna ba juna da yaransu jari da rance, ana juyawa ba takarda. Wannan rancen na zumunci, wanda ba a ɗora masa komai, shi ya riƙe talaka a lokacin ciwo tun kafin gwamnati ta fara zancen inshora. Yanzu a duba abin da ya same shi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 21.34 a Disamban 2022, 28.92 a Disamban 2023, 34.80 a Disamban 2024. In aka jera su, abin da naira 500,000 ke saya a ƙarshen 2021 sai da sama da miliyan ɗaya a ƙarshen 2024. Mutumin da ya ranta wa maƙwabcinsa 500,000 don a yi wa maiɗakinsa aiki, aka mayar masa bayan shekara uku, ƙasa da rabin dukiyarsa aka mayar masa. Lada yana da shi wurin Allah, babu ja. Amma ba kowa ke da ƙarfin sadaka da rabin jarinsa ba, kuma shi ba sadaka ya yi niyya ba. Karo na biyu in aka zo masa, cewa zai yi wallahi kuɗin duk suna cikin kaya. Ba ƙarya ya yi ba, ya koyi kada ya kwana da tsabar kuɗi. Ga shi kuma masu neman rancen sun ƙaru. A Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, ƙofar da ake ƙwanƙwasawa don kuɗin magani ita ake ƙwanƙwasawa don kuɗin fansa, shi kuwa ba ya jira, ba ya kuma zuwa da ƙanƙanta.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba kira nake a halatta riba ba. Haramcinta a Suratul Baƙara ba abin tattaunawa ba ne, kuma a surar ce aka yi umarni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Amma tambayar me ake yi in kuɗin da kansu suka lalace tsohuwa ce a fiƙihu. Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa kuma alƙalin alƙalan Bagadaza, ya tafi a kan cewa in darajar ƙananan kuɗin da ba zinari ba ba azurfa ba ta sauya, darajarsu za a biya ba adadinsu ba. Mafi yawan malamai, har da mashhurin zancen Malikiyya da kotunanmu ke bi, sun ce adadin da aka karɓa shi ake mayarwa, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Kuwait a 1988. Hukunci ne mai hujja, yana toshe ƙofar da masu cin riba za su silalo ta ciki. Sai dai yana da tsada, kuma a shekarun da naira ke zubewa mai kyautatawa ne ke ɗaukar tsadar shi kaɗai. Wanda ya gaji da haka sai ya koma ba da rance da buhu: karɓi biyar na masara, ka mayar da biyar. Halal ne, amma haɗarin ya koma kan mai karɓa, wanda zai sayar yau ya biya asibiti, gobe ya nemo buhunan a duk farashin da suka kai.

A babbar kotu lissafin bai fi haka daɗi ba. Wannan 500,000 ɗin, da ruwan kashi 10 na shekara uku, ta zama 650,000, a lokacin da ake buƙatar sama da miliyan ɗaya kafin a ce an fita ba asara. Ruwan ma daga ranar hukunci yake farawa. Shekarun da aka kwashe ana ɗage shari'a kafin nan, Kotun Ƙoli ta daɗe da cewa ba a ba da ruwansu sai in akwai yarjejeniya ko al'adar kasuwanci da aka gabatar aka tabbatar. To, a 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5, takardun lamunin gwamnati na shekara ɗaya suna ba da sama da kashi 20. A lokacin, duk wanda kotu ta ce ya biya, in yana da lauya da haƙuri, babu rancen da ya kai masa wannan araha a faɗin ƙasar nan. Ya riƙe kuɗin mutane a kashi 10, ya juya su a 20 ko fiye, ya ɗaukaka ƙara, a yi shekaru ana abu ɗaya. Wa ke da lauya da haƙuri? Ba manomin da ya ci bashi don 'yarsa ba. Ɗan kwangila ne, da babban dila, da kamfanin da motarsa ta take mutum, da gwamnati kanta, wadda sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu ya ce ba a taɓa kuɗin da ke hannun jami'inta sai da yardar Antoni Janar, wato sai wanda ake bi ya yarda a karɓa.

Nan ne abin ya juye gaba ɗaya, kuma nan ne masu ɗokin kwaikwayon New York ya kamata su dakata. A kotunanmu sau da yawa mara lafiyan shi ne mai bin bashin. Wanda mota ta kaɗe a hanyar Funtuwa zuwa Zariya, ya yi jinyar karaya da kuɗin jingina, kotu ta ce a biya shi diyya, shi ne iyakar kashi 10 ke ci, yana zaune yana jira gonarsa tana hannun wani. In aka sauko da ita kashi 2, an ƙara wa wanda ya kaɗe shi dalilin jan ƙafa. Legas ta lura da wannan, ta juya ƙa'idarta ta ce ruwan hukunci kada ya gaza kashi 10, adadin da wasu kotuna suka hana a wuce shi ne ita ta hana a gaza.

Gaskiya ne ƙaramin mai cin bashi ma yana amfana. In aka kai shi kotun shari'a, alƙali ya tambaye shi, ya ce, "Allah gafarta Malam, ban musa ba, hali ne babu," za a yanka masa biya kaɗan-kaɗan, hauhawar farashi kuma ta riƙa rage masa nauyi wata bayan wata. Rahama ce, ba na raina ta. Amma mai bin bashi shi ma ya iya lissafi. Da ya ga hanyar kotu asara ce, sai ya mayar da maganar ta koma cin amana ko zamba, ya nufi ofishin 'yan sanda. Dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniya, amma wanda ya kwana a bayan kanta ba sashen doka yake nema ba, beli yake nema. Kuɗin belin da aka ce kyauta ne, da na mota, da kwanakin girbin da suka wuce shi, da akuyar da aka kai kasuwa a gaggauce, duk a kan bashin suke hawa, ba kuma wanda ya rubuta su.

Saura waɗanda doka irin ta Arizona za ta kama da hannu: mai kemis da ke ba da magani a rubuta a littafi, ƙaramin asibitin kuɗi da likitansa ke cewa a yi aikin a biya in an sayar da waken suya, ƙananan bankuna, da ƙungiyoyin gama kai. Waɗannan su ne 'yan tsirarun da ke yarda magani ya riga kuɗi. Mai kemis da ya ba da maganin hawan jini bashi a Yuni, kafin a biya shi a Nuwamba farashin sari ya tashi. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, kamfanin magani na GSK kuma ya sanar da tattara kayansa a Agustan shekarar, wasu magunguna sun ninka sun sake ninkawa. In doka ta ce masa ƙarin da zai nema kada ya wuce kashi 3 a shekara, ko dai ya ɗora farashi ga kowa har da mai biya nan take, ko ya rufe littafin, ko ya koma sarin magani mai araha wanda Allah kaɗai ya san abin da ke cikinsa. Asibitin kuɗi kuma ya ƙara abin da ake ajiyewa kafin a taɓa mara lafiya, ko ya hana wanda ya warke tafiya gida sai an biya, abin da ba a rasa shi a asibitocin ƙasar nan. Duk inda aka ƙara kuɗin ajiya, an ƙara tura mutane zauren Alhaji. Wasu ma ba za su fito ba: a bar mai naƙuda a ɗaki ana jiƙe-jiƙe, sai jijjiga ta kama ta a nemi mota. Wannan ita ce tsada mafi girma, kuma ba ta bayyana a littafin kowa.

Ba hasashe nake yi ba. Kenya ta gwada a Satumban 2016, ta ce ruwan banki kada ya ɗara ma'aunin babban bankinta da fiye da maki 4. Bankuna suka janye daga ƙananan masu neman rance suka koma ba gwamnati bashi, talakawa suka faɗa hannun masu rance ta waya da dokar ba ta shafa ba. A Nuwamban 2019 aka soke ta. Maƙwabtanmu na Maraɗi suna ƙarƙashin iyakar ƙasashen sefa, wadda aka sa a 2014 a kashi 15 ga bankuna da 24 ga ƙananan cibiyoyin rance, amma ita ta zauna ne saboda an ɗaure sefa da kuɗin Turai, farashi ba ya gudu irin namu. Ita kanta New York, kashi 9 ɗin da ta rage an sa shi ne a 1981 lokacin da Amurka ke fama da tsada, ya tsaya a wurin har bayan da ruwan kasuwa ya kusa sifiri. Su adadinsu ya yi yawa ne don zamani ya bar shi a sama, mu namu zamani ya bar shi a ƙasa.

Mun ma ɗanɗana rance mai ƙayyadadden ruwa a gonakinmu. Shirin rancen manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015, a kashi 9 sannan aka rage zuwa 5 a 2020, ya raba sama da naira tiriliyan ɗaya, ya kuma iso wurin masu noman auduga da masara da shinkafa a Katsina. A 2023 Asusun Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 kawai aka biya, Babban Banki ya ce a'a, sama da rabi ne. Ko wanne aka ɗauka, an ga yadda abin yake: rance mai araha ba ya isar kowa, dole a raba shi, mai rabon kuwa shi ke zaɓen wanda sunansa zai shiga takarda. A tambayi manoman yankin nan su wa suka shiga.

Ko a Amurkan ma sakamakon bai kai hayaniyar ba. Wani bincike da masana tattalin arziki suka fitar a 2024 ya bi diddigin mutane sama da 83,000 da aka saye tsohon bashinsu na asibiti, dala miliyan 169, aka yafe musu gaba ɗaya. Ba a ga wani sauyi na a zo a gani ba a lafiyarsu ko a aljihunsu. In yafe uwar kuɗin bai yi wani abin kirki ba, rage ruwan da ke kanta ba zai fi haka ba. A fahimtata, ɓarnar tun da wuri take faruwa, kafin bashin ya tsufa ya kai gaban alƙali.

Akwai inda na yarda iyaka tana da haƙora: manhajojin rance na waya, waɗanda malamin makaranta ko ƙaramin ma'aikaci a Funtuwa kan faɗa wa da tsakar dare in yaro ya suma. Nan bashin a rubuce yake, mai bayarwa kamfani ne mai asusu a banki, ana iya kama shi. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai wa wasunsu samame a Legas a Maris ɗin 2022, ta kuma fitar da sababbin ƙa'idoji a 2025. Wannan aiki ne da ya dace. Amma yawancin manoman Ƙafur ba su ne abokan cinikinsu ba.

Abin da zai rage falle da jingina shi ne abin da zai sa magani ya riga kuɗi, shi ma kuma ba kyauta ba ne. Katsina ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya da dokar 2018, tarayya ta wajabta inshorar lafiya a 2022. Ga ma'aikaci abin da sauƙi, a albashi ake cirewa. Manomin da ke ganin kuɗi sau ɗaya a shekara sai an bi shi da kaka, a bakin ma'auni, kuma in ya biya bana ya je asibiti aka ce babu maganin ya je ya saya a waje, baɗi ba zai biya ba. Zakka tana nan: waɗanda bashi ya yi wa katutu suna cikin mutum takwas da ake ba, zakkar hatsin damina kuwa ɗaya cikin goma ce, a yankin da ke loda wa manyan motoci masara zuwa kudu. Abin da ta rasa shi ne hannun da mai bayarwa zai amince wa.

Doka kuwa muna da ita tun 2014. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ya hana kowane asibiti ƙin duba wanda aka kawo cikin gaggawa, wanda ya saɓa a ci shi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba. A shekarar da aka sa mata hannu tarar ta kai kusan dala 600, a 2025 ba ta kai dala 70 ba. Game da wanda zai biya asibitin, dokar ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, daga ciki kashi 5 ne na gaggawa. Kwabo biyar ke nan cikin kowace naira 100. Da wannan ake so asibitin Funtuwa da na Malumfashi, da sauran na jihohi 36 da Abuja, su fara aiki kafin su miƙa wa mai jinya takarda.